Ta Tara da Ta Sha Uku

Ranar Lahadin kasuwar Jibiya ce. Barira tana jiran motar Maraɗi ta iso da kayan babanta, sai ta ji wani sauti daga ɗan shagon da ke gefen hanya. Ta leƙa. Wani saurayi ne, Shafi'u, zaune gaban piyano, yana danna abu ɗaya yana sakewa.

"Malam, ba ka iya wani ba ne?" ta ce.

Ya ɗago, ya manta da yatsunsa a kan piyanon. "In za ki zauna, na iya."

Kafin damina ta shigo, ya koma kiranta Hasken Idona. Amma Alhaji Manu, babanta, dillalin hatsi, ya ce shi ba ya ba makaɗi ɗiya.

Ana cikin haka, wani saƙo da Shafi'u ya rubuta wa Zubair, malaminsa na Katsina, ya faɗa wayarta bisa kuskure: "Ta bakwai kaɗai ba ta isata. Na ƙara ta tara, ta sha uku kuwa ta fi su daɗi."

Barira ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta masa: "Ni ta nawa ce?"

Ya amsa: "Hasken Idona, muryoyin piyano ne wallahi. Ki zo ki ji su."

Alhaji da ya ga halin da take ciki ya riga ta zuwa shagon, ransa ɓace, ita tana biye. Shafi'u ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya nuna masa: muryoyi uku a haɗe, sai ya tsallake ɗaya ya ɗora ta bakwai, ya ɗora ta tara, ya kai ta sha uku. Ya tsaya nan.

Alhaji ya jira. Sautin bai sauka ba.

"To ƙarasa mana, ka bar shi rataye."

"Aikinsu ke nan, Baba. Suna sa kunne ya nemi gida."

Ya sauke sautin, ya zauna daram. Alhaji ya yi ajiyar zuciya, Barira ta rufe fuska da gyale tana dariya.

Sati biyu Alhaji ya yi yana bincike a unguwarsu Shafi'u, bai ji abin ƙi ba. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure, dangi har daga Maraɗi.

Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta. "Allah ya yi maku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Daga cikin lulluɓi Barira ta ce, "Amin, Baba."