Gawon da Kaka ta Bari

A can da, tun mutane ba su san halin gawo ba, wata yarinya ta gaji awaki da gawo ɗaya. Kafin kakarta ta rasu ta ce mata, "Kada ki sare shi."

Damina ta sauka, itatuwa suka yi kore, gawo kuwa ya zubar da ganye.

Wani masassaƙi ya zo ya ce, "'Yata, ai ya mutu. Bari in sassaƙa miki turmi."

Turminta ya tsage, amma ta ce, "Baba, amana ce."

Ya sake dawowa, ta ce, "Amana ce."

Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, awakinta suka rame. Sai ga gawo ya yi ganye shar, ya zubo 'ya'ya, awaki suka ƙoshi.

Masassaƙi ya iso yana gumi. "'Yata, a sam mini inuwa."

Ta ce, "Bisimilla, Baba. Zauna ƙarƙashin turminka."