Sunan da Aka Kankare a Takardar Mota

Illiassou bakanike ne a garin Beltsville na ƙasar Amurka. Kawunsa Tanimoune ne ya sayar masa da tsohuwar motar tsere, ja, ƙirar 1967. "Mutum uku suka taɓa mallakarta, ɗana, kuma duk suna raye," in ji kawun, har da dafa Alƙur'ani.

Amma da Illiassou ya bi diddigin takardun, sai ya iske sunaye layi huɗu. An kankare sunan farko da reza. Ga wani abu kuma: shi dogo ne, kullum sai ya tura kujerar direba baya, gari na wayewa ya tarar an jawo ta gaba.

Ran nan bayan isha'i yana gareji shi kaɗai, sai warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. A bakin ƙofa ga wani gajeren tsohon bature, da hular kwano a hammata. Ya tako ta cikin baƙin man da ya zube, bai bar sawu ko ɗaya ba.

"Sannu da aiki," ya ce, da Hausar Damagaram, irin ta kawu sak.

Illiassou ya ja da baya. "Baba, a ina ka koyi Hausa?"

"Shekara tara ina kwana a garejin kawunka. Da ya gaji, sai ya ce mini ɗan ƙanwarsa mai haƙuri ne."

Tsohon ya buɗe motar, ya zauna, ya jawo kujerar gaba.