Katangar Abba

Auta na zaune a tsakar gida tana ɗinke hannun rigar mijinta, sai Baba ya shigo da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Surukinta ne, mahaifin mijinta, tsoho mai sanyin magana. Ta miƙe da sauri ta kawo masa ruwa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Idan kin leƙa gida ki gaida babanku. Ki ce masa na ce katangar nan da yake ja, a kan hanyar ruwa take. Tun ina yaro nan ruwa yake bi ya wuce rafi."

Shekara goma da suka wuce, gida biyar ne kawai a wurin, sauran duk gonaki. Sai mutanen birni suka fara sayen filaye, gidajen bulo suka yi ta tsirowa, ba titi, ba kwata, kowa ya gina inda ya ga dama. Abban Auta na cikinsu. Da ya ajiye aikin ofis ya gina gidansa a kan tudu, ya kira wani saurayi mai walda ya sa masa ƙofar ƙarfe. Aikin kwana biyu ne, amma mai waldar ya yi sati yana gyaran sakata, saboda Auta ce mai kawo masa ruwan sha. Da mai waldar ya nemi aurenta, Abba ya amince ba don ransa ya so ba, aka kai ta tsohon gidan ƙasa da ke gangare.

Da yamma Auta ta je ta isar da saƙon Baba. Abba ya cire tabarau ya dube ta.

"Injiniya ya auna, takardar filin tana hannuna. Yanzu manomi ne zai koya min gini?"

"Abba, ba haka yake nufi ba—"

"Kin yi aure shekara ɗaya kin zama 'yar aikensu. Tashi ki tafi."

Umma, mahaifiyarta, na gefe tana ninke kaya, ba ta ɗaga kai ba. A cikin sati biyu katanga ta tashi, ta rufe hanyar ruwan ruf.

Ruwan ya zo ne wata ranar Talata bayan azahar. Mijinta na shago, Inna, uwar mijin, ta tafi barka a maƙwabta, Baba kuma yana kwance a ɗakinsa da ɗan zazzaɓi. Auta na kwashe shanya ta ji wani ruri daga bayan gida. Ruwan da ya saba wucewa rafi ya daki katangar Abba, ya juyo gaba ɗaya ya nufo gangare. Kafin ta kai ƙofar ɗakin Baba ruwa ya kai mata gwiwa. A gaban idonta bangon baya ya zube, rufin ya bi shi.

Ihunta ne ya tara maƙwabta. Da hannu suka yi ta tonon ƙasa har suka zaro shi da ransa. Mota ba ta iya shigowa unguwar ba, sai a kan ƙyauren ƙofa maza huɗu suka ɗauke shi har bakin kwalta. A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya karye, Baba ba zai ƙara takawa ba.

Ranar da aka dawo da shi gida, Inna ta tsaya a tsakar gida ta kira ɗanta.

"Ka sallame ta. Ba zan kwana gida ɗaya da jinin mutumin da ya nakasa min miji ba."

"Inna, ita me ta yi?"

"Au, tambayata kake? To zaɓi, ko ni ko ita."

Bai sake ta ba, amma bai ƙara kallon idonta ba. Yakan fita tun da sassafe, ya dawo ya ci abinci a ɗakin Inna. In ta gaishe shi sai ya amsa kamar wanda aka matse wa wuya. Wannan shirun ya fi zagin Inna yi mata ciwo.

Ta je wajen Abba tana kuka, ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Abba, don Allah ka je ko sannu ka yi masa. Ka fasa katangar nan."

"In na fasa, na amsa laifi ke nan. Gidan ƙasa ne ya tsufa ya faɗi, ni na ce su zauna a ciki? Ki kwaso kayanki ki dawo, ɗakinki na nan."

"Ba zan iya barinsa a kwance ba, Abba."

"To kada ki ƙara tako min gida."

Haka ta koma gangare, ba ta da gidan uba, ba ta da fuskar miji. Unguwar ma ta rabu biyu. Tsofaffin mazauna suka daina gaisawa da baƙi, baƙi suka ce 'yan ƙauye ne masu neman a biya su. In Auta ta je ɗiban ruwa a famfon burtsatse, sai mata su yi tsit, wata ta janye bokitinta.

Jinyar Baba kuwa ta fi ƙarfin Inna, ga ciwon gwiwa. Auta ce take wanke zannuwan shimfiɗarsa kullum, ta dafa masa abinci mai laushi, ta ba shi a baki. Ita ce ta je asibiti ta koyo yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta koya wa mijinta. Inna ba ta taɓa cin abin da ta dafa ba. In ta ajiye mata kwano, sai ta ture shi da ƙafa. Auta ta ɗauke, ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Wata bakwai aka yi a haka. Hannayenta suka tsattsage da sabulu, ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Wata safiya Inna ta kawo takarda da biro ta ajiye gaban ɗanta a ƙofar ɗakin Baba.

"Yau zan ga ko ni na haife ka. Rubuta."

Ya ɗauki biron. Auta na tsaye da kwanon wanki. Sai muryar Baba ta fito daga ɗaki, a hankali.

"Ajiye biron nan." Ya yi tari. "Yarinyar nan ta kai saƙona, aka kore ta. Ita ta fara tono ni da hannunta. Wata bakwai tana kwashe ƙazantata, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba. In ka sake ta, ban yafe maka ba. Ke kuma, ki ji tsoron Allah. Ba ita ta ja katanga ba."

Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Mijin ya ajiye biro, ya zo ya karɓi kwanon daga hannun Auta. Sai a lokacin ya ga yadda hannayen suka koma.

"Ki yafe min," ya ce, hawaye na zubo masa. "Duk lokacin da na kalle ki, katangar nake gani. Na san zalunci ne, amma na kasa."

"Ni ma ita nake gani," ta ce. "Ka taya ni shanya."

Da damina ta sake matsowa, Umma ta gaji da shiru. Ta ce wa Abba ko ya je ya ga 'yarsa, ko ita ta tafi ba dawowa. Ya sauko gangare da niyyar ya tafi da Auta ko da tsiya. Ya yi sallama ya shiga, ya tarar da ita a durƙushe tana shafa wa tsohon mai a ƙafafun da suka shanye kamar sanduna. Da ƙyar ya gane ta.

Baba ya ɗago kai ya yi murmushi.

"Maraba da surukina. 'Yata, kawo wa babanku tabarma. Ka yi haƙuri, ban iya tashi na tarbe ka ba. Na gode da tarbiyyar da ka yi wa yarinyar nan."

Abba ya zo da amsar kowane zagi a bakinsa, amma bai shirya wa wannan ba. Ya juya ya fita ba tare da ya zauna ba.

Washegari da hantsi unguwa ta ji ƙarar guduma. Abba ne da kansa, da rigar shan iska, yana dukan katangar. Mai walda, mijin Auta, ya rufe shago ya ɗauko tasa gudumar ya tsaya kusa da shi. Kafin azahar tsofaffin mazauna da baƙi sun taru, aka buɗe hanyar ruwan, aka kuma yanke shawarar haƙa kwata har rafi. Da yamma Abba ya koma ɗakin Baba, ya cire hula ya durƙusa ya nemi gafara.

Baba bai ƙara takawa ba. Ya yi shekara biyu a kwance, sannan Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyar ɗansa, Auta na riƙe da hannunsa. Inna ta daɗe kafin ta sauko, amma ranar da Auta ta haihu, ita ce ta fara karɓar jaririn, ta ce wa ungozoma, "Ki kula min da 'yata tukuna."

Girman kan mutum ɗaya ya kwantar da bawan Allah har ƙarshen ransa, kuma nadama ba ta mayar masa da ƙafafunsa ba. Duk wanda zai yi gini, ya tuna akwai mutane a ƙasa da shi, ya saurari wanda ya riga shi zama a wuri. Auta kuwa an hukunta ta a kan laifin da ba nata ba, ba ta rama ba, ba ta gudu ba, kuma haƙurinta ne ya riƙe aurenta, ya mayar da gidaje biyu dangi.