Gadon Da Ba Mai Zuwa Ɗauka

Ranar da Basira ta fara ganin Habibullahi, gadon yayarta ya zo kwancewa.

Yayar tata, Hasiya, tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Basira, autar gidansu, wadda ta gama jami'a a Maradi ta dawo Cadakori tana koyarwa a lakol, makarantar boko, ta je taya ta wanki da hantsi, sai ga amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Maza biyu suka yi sallama. Na gaba Ilyasu ne, ɗan ƙanen Alhaji Tahiru mai shagon kayan ɗaki a Gidan Rumji. Na baya dogo ne, yana rataye da jakar kafinta, idonsa a ƙasa.

Lokacin bikin Hasiya, mahaifinsu Malam Jibo ya karɓo gado da katifa da kujeru a shagon Alhaji, a kan tsarin da suke kira haya har ka mallaka. Duk wata ka kai wani abu, ranar da ka cika kaya sun zama naka. Ya biya har ya wuce rabi. Sai damina ta yi gardama, gero bai yi ba, biya ya tsaya. Mijin Hasiya kuwa yana can Agadas, ba aike ba labari.

"To abin da Baba ya riga ya biya fa?" Basira ta tambaya, ko da yake ba ta saba magana gaban maza ba.

"Haya ce, Malama," in ji Ilyasu da murmushi. "Ai an kwana a kai."

Hasiya ta ɗauke jaririyarta daga kan gadon ta jingina da bango. Matan maƙwabta suka cika bakin danga suna leƙe. Dogon nan ya durƙusa yana kwance gadon sannu a hankali, kamar mai gudun kada itacen ya yi ƙara. Da ya zo kan katifa, sai ya dubi jaririyar, ya dubi daɓen ƙasa, ya saki.

"Wannan ta lalace," ya ce. "Jaririya ta jiƙa ta. Alhaji ba zai karɓa ba."

Basira ce ta shimfiɗa leda a kan katifar da hannunta, ta san ko ɗigo babu. Ta ɗaga ido, suka haɗa ido, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

"To, daga albashinka, Habibullahi," in ji Ilyasu.

"Na ji."

Kafin wata ya mutu, gorin surukai ya kori Hasiya. Miji ya aiko da saki ta waya. Ta dawo gida da goyo da katifa ɗaya.

Ranar kasuwar Gidan Rumji, Basira ta zagaya bayan shagon, ta sami Habibullahi yana goge katako. Ta daɗe tsaye tana murɗa bakin mayafinta.

"Na zo in ce an gode."

"Kada ki gode mini, Malama. Ni na haɗa gadon nan ranar jere, ni kuma na kwance shi. Tun ranar ba na jin daɗin abinci."

"To me ya sa kake aikin?"

"Tsohuwata ba ta gani, ni kaɗai gare ta." Sannan ya ce, "In na nemi lambarki, zan zama marar kunya?"

"Za ka zama," ta ce, ta kuwa faɗa masa.

Kafin ta kai gida saƙo ya shigo: "Salamu alaikum, Malama. Kin sauka lafiya? Ya jaririyar? Allah ya sa ta girma ba ta san sunana ba."

Ta amsa: "Ta riga ta sani. A kan katifarka take barci."

Daga nan saƙonni suka yi ta kai da komo, har Malama ta koma Autata, shi kuma ya zama Dogo. Wata rana ya rubuto: "Autata, yau na yanke hannu ina tunaninki. Ke za ki biya kuɗin magani." Ta mayar masa: "Zan biya, Dogo, amma kaɗan-kaɗan, duk wata." Ya ce wannan bashin kam ba ya so a gama biya.

Da kawunsa ya zo neman izini, Malam Jibo ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba.

"Yaron da ya hito da gadon ɗiyata gaban mutane, tana jego? Ku tahi. Ko maza sun ƙare."

A wannan tsakanin Ilyasu ya fara zuwa zance a kan moto, wato babur, da ledar nama da goro. Bai cika neman Basira ba, mahaifiyarta Inna Habi yake zama da ita.

"Inna, in dai ni ne, ɗakin Malama sai an zo kallo daga Tibiri. Babu kuɗin farko, babu komai. Gonar Baba ta bakin gulbi kawai za a ambata, don cika ƙa'ida."

Gonar nan ita kaɗai ta rage wa gidan. Daga ita ake cin tuwo.

Basira ta ce ba ta son Ilyasu, ta faɗa sau ɗaya, ba ta ƙara ba, ba ta kuma janye ba. Inna Habi ta ga haka, ta yi shawarar kanta. Tun abin da ya sami Hasiya ba ta zuwa biki, don kada a dube ta. Ta rantse ɗakin autarta sai ya rufe bakin mata. Ranar kasuwa ta ɗaura zanenta na fita, ta tafi shagon Alhaji, ta kira Habibullahi.

Da la'asar ta dawo tana kuka.

"Wannan shi ne mai son naki? Na ce masa zan shawo kan Malam, shi dai ya tsaya mini a ba ni kaya, ni zan sa gonar jingina. Gaban Alhaji, gaban mutane, ya ce, 'Inna, kada ki ɗauka, ba za ku iya biya ba.' Ni zai gaya wa talauci?"

Basira ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi. Ta rubuta masa: "Ka fitar da gadon yayata, yau kuma ka fitar da uwata da hawaye. Ya isa." Ta kashe wayar.

Sati ya zagayo ba ta kunna ba. Tana zuwa lakol, tana dawowa, tana ramewa. Hasiya ce ta gaji, ta goya 'yarta ta tafi Gidan Rumji da kanta. Ta dawo ta tarar da Malam Jibo yana gyaran hauya a tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, an kori Habibullahi tun ranar. Na same shi gindin iccen bedi yana gyara kujerar mai shayi. Alhaji ya ce ya kore masa ciniki." Ta juya ga uwarsu. "Inna, gonar da kika ce za ki sa, Baba ya sani?"

Hauyar ta tsaya a hannun tsohon. Inna Habi ta rufe fuska da mayafi.

"Ni na kwanta a gadon haya, Inna," in ji Hasiya. "Duk ƙarshen wata, in na ji ƙarar amalanke, sai in leƙa ƙofa. Mata sun yi guɗa ranar jere, su ne kuma suka leƙo ta danga. Kada ki saya wa Auta wannan."

Malam Jibo ya ajiye hauyar. Can ya ce, "Yaron da ya bar abincin uwarsa don gonata. Ku ce kawunsa ya dawo."

Basira ta kunna waya. Saƙo ɗaya ne kawai: "Autata, na san na ɓata wa Inna, bakina ba shi da dabara. Amma gara ki ƙi ni da in zo wata rana in kwance gadonki."

Ta rubuta: "Dogo, ka yafe mini. Ka ci abinci?"

"Yanzu zan ci."

Aka sa rana bayan kaka. Habibullahi ya ce zai ƙera gado da kansa, Malam Jibo ya ƙi: ɗakin ɗiya iyaye ke yi, ko da tabarma ce. Ana cikin haka, wata safiya Inna Habi ta fitar da shimfiɗarta tsakar gida, ta nuna gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi gidan, mai tsatsa a ƙafafu.

"Kira shi ya zo ya kwance," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ai ya iya."

"Inna, ke fa? Da ciwon bayanki?" in ji Basira.

"Katifata ta ishe mu mu uku," in ji Hasiya.

Habibullahi ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi gafara. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Bakinka dai ka koya masa ladabi." Ya goge tsatsar, ya shafa masa koren fenti. Basira ta sayi katifa ƙarama da albashinta.

Ranar jere, mata suka shiga ɗakin suka dudduba. Gado ɗaya, tabarma biyu, kwanoni kaɗan. Wata gwaggon ango ta taɓe baki.

"Shi ke nan? 'Yar jami'a guda?"

"Shi ke nan, Gwaggo," in ji Hasiya. "Ki dawo baɗi, nan za ki same shi."

Guɗar da aka yi ba ta da ƙarfi, kuma an yi ta da su a gari har aka gaji. Amma an ɗaura auren. Kafin a tafi da amarya, Malam Jibo ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ku zama lahiya, ya rufa muku asiri, ya cika ɗakinku da abin da ke naku."

Washegari da hantsi, suna zaune a bakin koren gadon, amalanke ya wuce ta ƙofar gida yana ƙara. Basira ta ji kafaɗar mijinta ta ƙage. Ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Zauna, Dogo," ta ce. "Ba nan zai tsaya ba."