Manomin da Ke Gaida Kututture

A can wani zamani an yi wani manomi wanda ba ya gani sosai. Na kusa ma sai dishi-dishi, balle na nesa. In matarsa ta ce, "Maigida, a duba idon nan," sai ya ce, "Idona garau!"

Kullum a hanyar gona sai ya durƙusa ya gaida wani kututture, wai surukinsa ne. Kututture bai taɓa amsawa ba. Ya dawo gida yana huci, ya ce, "Me na yi wa Baba yake gaba da ni?"

Matar ta ce, "Baba bai fita ba yau. A duba idon nan."

Ya ce, "Idona garau!"

Ran kasuwa ya ga kututture a bakin hanya, ya ɗaure jakinsa a jiki, ya yi gaba. Ashe surukin ne ke zaune yana hutawa. Kunya ta hana tsoho magana. Jaki ya hango ɗanyar ciyawa, ya ja tsoho ƙiii har bakin rafi.

Tsoho ya aiko a mayar masa da 'yarsa.

Manomi ya ruga wurin mai tabarau. Da ya sa, ya ga duniya tar, har da kututturensa. Ya je ya zube gaban suruki yana ba da haƙuri.

Tsoho ya ja da baya, ya ce, "Na yafe. Amma tukuna, ina ka bar jakin?"