Ƙwallayen Laka a Ƙarƙashin Gado

A wurin rajistar jarrabawa a Gummi Lubabatu ta fara ganin Nafi'u, matashin malamin kimiyya da ya rako ɗalibansa. Littafin Kemistiri ya suɓuce mata, ya ɗauko, sai ya ga babin haɗuwar atam ya sha jan biro.

"Nan ne ke kada ki?"

"Sau biyu," ta ce, kanta a ƙasa.

Faɗuwar nan biyu ita ta kulle ta a gida a Bukkuyum. Baba ya yanke hukunci: ba biki, ba zance, ba maganar makarantar jinya, sai ta ci Kemistiri. Zama na uku kuma shi ne na ƙarshe. Daga ɗaki sai tsakar gida, sai 'yar wayarta da Nafi'u ke turo mata darasi.

"'Yar Atam ɗita, haɗin ayonik: ɗaya ya ba da ilektaron, ɗaya ya karɓa, kamar a gishiri. Kobalen: tarayya suke yi, kamar a ruwa. Kin ci abinci?"

"Na ci, Malamina. Amma na kasa ganinsu a kaina."

Sai ya mulmula ƙwallayen laka, ya shafa wa ɗaya ja, biyu fari, ya haɗa su da tsinken tsintsiya, ya aiko a kwali ranar kasuwa. Ranar ta gane abin da ya gagare ta shekara biyu.

Inna ce ta sharo su daga ƙarƙashin gado.

"Innalillahi! Laka a soke da tsinke? Malam, taho ka ga abin da anka yi ma ɗiyarka!"

Aka karɓe waya. Baba ya ce yaron nan kar ya taka ƙofarsa, zuwa Gummi jarrabawa kuma an fasa. Saura kwana tara jarrabawa.

Kwana uku tana kallon bango. Ita da ko a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ran na huɗu ta durƙusa gaban Baba da kwalin, da gishiri, da tukunyar Inna.

"Baba, jan nan oksijin ne, fararen haidirojin. In sun yi tarayya, ruwa ke nan."

Ta yi bayanin gishiri. Ta ɗaga tukunya. "Wannan kuma haɗin ƙarfe ne. Ilektaron ɗinsa yawo suke ko'ina, shi ya sa hannunta ke ƙona Inna tun miya ba ta tafasa ba."

"Ashe da dalili," in ji Inna a hankali.

Baba ya juya ƙwallayen a tafinsa. "Ke nan ruwan da nike alwala da shi ne wanga?"

"Awo, Baba. Ƙara mishi girma anka yi."

Ya miƙo mata wayar, ya ce ta yi shirin Gummi. Saƙonni goma sha ɗaya ta tarar. Na ƙarshe: "Ko ba ki amsa ba, ina nan."

Ta ci Kemistiri da kiredit. Bayan babbar salla aka ɗaura aure, ta wuce makarantar jinya daga ɗakinta.

Ranar jere, Inna da kanta ta ɗora ƙwallayen saman kabad, tsakiyar kwanuka.

"Kar wanda ya taɓa min ruwan nan," ta ce. "Allah Ya yi muku albarka, ku duka biyu."