Bari In Ƙarasa Shafin Nan

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani yaro mai son karatu. Ko tuwo yake ci, littafi na bisa cinyarsa, shafukan duk tabon miya. Ba ya iya ajiye labari sai ya ga ƙarshensa.

Wata rana kakarsa tana ɓarar gyaɗa, ta fara ba shi labarin yadda mahaifinta ya faɗa tsohuwar rijiya a daji, yana yaro. Tana kaiwa nan aka kawo wa yaron sabon littafi, ya tashi da gudu.

Washegari ta kira shi cikin wasan jika, ta ce, "Maigidana, zo ka ji yadda ya fito."

Ya ce, "Kaka, bari in ƙarasa shafin nan."

Ta ce, "To, ina nan."

Da damina ta sauka ta sake kiransa. Ya ce, "Bari in ƙarasa shafin nan." In ya ƙarasa kuwa, sai ya juya wani.

Kafin a yanke gero, kaka ta rasu. Yaron ya tambayi babansa, ya tambayi gwaggwanninsa, kowa ya ce ita kaɗai ta san ƙarshen labarin.

Ya girma, ya tsufa, littattafai sun cika ɗakinsa. Wata rana ya ba jikokinsa labarin, ya tsaya daidai rijiya.

Suka ce, "Kaka, to yaya ya fito?"

Ya rufe littafin da ke hannunsa, ya ce, "Har yau yana ciki. Ni na bar shi."